Murhun Ɗanladi da Takardar Kotu

Duron farko da aka ba ni in fasa na man inji ne, kuma da Baba Tanko bai waiwayo da wuri ba, da yau wani ne yake ba ku labarina. Na riga na ɗora masa abin yanka, ina jin kaina wani gwani, sai na ji mari a ƙeya. Maigidan nawa ya cika duron da ruwa har baki, sannan ya ce, "Usaini, duro ba ya mantuwa. Abin da ya taɓa ɗauka yana nan cikinsa, ko da ka leƙa ka ga wayam." Ku da kuke kallon walda a waya kuna cewa aikin wata uku ne, wannan shi ne darasin ranar farko, kuma akwai waɗanda ba su samu an koya musu shi ba sai a gadon asibiti.

Na yi shekaru a atiliyen Baba Tanko, wato shagonsa na walda, a nan unguwar Birik kafin ya bar ni in riƙe bakin walda. Aikina miƙe tol, wato fallen ƙarfe, da guduma, kankare tsatsa, da riƙe ƙarfe yana ɗinkewa ina kau da kai. Ran da na ƙi kau da kai don in saci gani, na kwana kamar an zuba min yashi a ido. Tol mai kauri kowa yana iya haɗa shi. Siririn tol shi ne yake tona asirin mutum: ka ƙara wuta kaɗan ya huje, ka rage ta ƙi kamawa, ga wutar lantarkin garin nan da take zuwa yadda ta ga dama. Ana ɗiga masa ne, a ɗiga nan a tsallaka can, a bar shi ya huce, in ba haka ba ya murɗe ya zama kamar busasshen ganda. Wanda ba shi da haƙurin wannan ya je ya hau bensikin, babur ɗin hayar nan, ya ɗauki fasinja, babu wanda zai zage shi.

Abin da maigida yake ba yaronsa ranar da ya sallame shi, ranar liberte kamar yadda muke cewa, shi ne gabari. Gabari ma'auni ne da ake yankawa da tol, ka ɗora shi a kan sabon ƙarfe ka zana ka yanka, kowane kaya da nasa. Baba Tanko ya zauna da kansa ya yanka min irin nasa duka, ya zura su a waya ya rataya min a wuya, mutane suka yi addu'a. Haka shi ma aka yi masa. A sana'armu babu wanda ya taɓa cewa wannan zanen nawa ne ni kaɗai. In ka ƙirƙiro sabon abu, a ƙofar atiliye kake ajiye shi, maƙera su zo su zagaya shi, su auna da taƙi da tsinken tsintsiya, mai kunya ya ajiye maka goro ya tafi ya yi nasa. Goron gani muke ce masa. Gobe shi ma in ya gyara wani abu a jiki, kai ne za ka kai masa goro. Yanzu kuna tambayata me ya sa na kafa kwano na tare gaban atiliyena nake aiki a bayansa kamar mai jego. To ku saurara.

Wata rana bayan an ɗauke ruwan sama Ɗanladi mai tsire ya shigo min yana goge ido da gefen riga. Abokina ne tun muna yara, kuma a layinmu babu mai tsiren da ake yi wa layi kamarsa. Da asuba yana kasuwar Etoudi yana zaɓen nama, da yamma yana tsaye a kan rabin duro, hayaƙi yana dukan fuskarsa har a tashi kasuwa. Idanunsa kullum jajur kamar gauta.

"Sarkin ƙarfe," ya ce, don haka yake tsokanata, "ko ka yi min maganin hayaƙin nan, ko in koma sayar da ruwan sanyi. Jiya na ba mutum canjin dubu biyar a kan dubu biyu, ban gani ba."

Na ce masa hayaƙi ai abokin tsire ne. Ya ce to su yi abotarsu ban da idonsa.

Na je na tsaya a gefensa ina kallo har na gane ba gawayi ne mai laifi ba, kitse ne. Ya narke ya ɗiga a kan garwashi, wuta ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe. Na fara sa faranti a tsakani, nama ya ƙi gasuwa. Na huda farantin, kitse ya bi ta hudar. Tol ɗin da na ɓata a wannan nema ya isa rufin ɗaki, har matata ta fara tambaya ko Ɗanladi ne zai ciyar da mu. Daga ƙarshe rufin maƙwabcina ne ya ba ni amsa, ina zaune ina kallon yadda ruwa yake bin kwano yana faɗawa indararo. Na yanka tol sala-sala, na jera su a karkace, kowane ya ɗan hau kan ɗan'uwansa da 'yar tazara. Zafi ya bi ta tazarar ya hau, kitse ya gangara ya faɗa wani ƙaramin indararo, ya zube a gwangwani a waje. Na yi wa gawayin 'yar ƙofa mai zamewa don iska. Duk sirrin yana cikin karkatar: ta yi yawa zafi ya gudu, ta yi kaɗan kitse ya ƙone a kai.

Ran da Ɗanladi ya gwada shi, ya gasa tire guda bai share hawaye ba. Ga shi kuma yana samun kitsen a gwangwani yana shafa wa nama. Ya bi layi yana shelar cewa Usaini ya ɗaure hayaƙi. Na yanka gabarinsa, na ƙera na biyu na ajiye a ƙofa kamar yadda aka saba. Maƙera suka zo daga unguwannin Nkomkana da Ekoudou, har da waɗanda ba Hausawa ba, aka auna, aka ajiye goro. Ban taɓa cin goro da daɗi irin na wannan lokacin ba. Duk garin sunan abin murhun Ɗanladi, babu mai cewa murhun Usaini, ni kuma ko a jikina.

Cikin masu zuwa akwai wani Alhaji Sabo, ɗan kwangila, ba maƙeri ba. Ya zo da wani mutum mai igiyar awo da abin ɗaukar hoto, ya yi tambayoyi kamar mai neman aure, ya sayi guda biyu bai nemi ragi ba. Bai ajiye goro ba, amma na ce ai shi ba ɗan sana'a ba ne, bai san al'ada ba. Har rakiya na yi masa zuwa mota.

Shekarar da nake kira mummunar shekara ta fara ne ana gab da Babbar Sallah, lokacin da aiki ya fi yawa. Murhu a jere a ƙofa, wasu an gama, wasu saura fenti. Da hantsi sai ga wisiye, wato ma'aikacin da yake kai takardun kotu yana aiwatar da su, tare da ɗan sanda. Ya karanta min takarda da Faransanci, na ce ya maimaita a hankali. Kamfanin Alhaji Sabo ya yi wa murhun rajista, an ba shi birebe, takardar da take cewa shi ya ƙirƙiro abin kuma babu mai yin irinsa sai da izininsa. Ya kai ƙara cewa ina kwaikwayon kayansa. Alƙali ya ba da umarni in dakata: kada in ƙera, kada in sayar, har sai an gama shari'a, kuma duk murhun da ya fita daga hannuna akwai tara mai nauyi a kansa.

Dariya na fara yi, wallahi, don na ɗauka wasa ne. Na daina dariya lokacin da wisiyen ya miƙa hannu ya sauke gabarina daga ƙusa. Ya ware na murhun ya sa a buhu, ya ɗaure sauran murhunan da igiya ya manna musu hatimi. Mutanen layi sun cika ƙofa suna kallo. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba, ana kwashe abin da na haifa da hannuna ana kirana ɓarawonsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na samu aboka, wato lauya, wata mata mai kaifin kai, ba Bahaushiya ba ce amma ta girma kusa da mu. Ta ce maganata tana da ƙarfi, domin abin da duk gari ya riga ya sani yana amfani da shi ba a yi masa rajista a ce sabo ne. Za ta nemi a ɗage umarnin tun kafin a shiga asalin shari'ar. Ta ɗaga yatsa ta ce, "Abu ɗaya, Malam Usaini. Kada ka je wurin mutumin nan, kada ka aika kowa. Ko a masallaci kuka haɗu, sallama kawai." Na ce na ji.

Amma labari ya kai wa Baba Tanko, wanda a lokacin ya tsufa yana dogara sanda. Ya aiko aka kira ni.

"Musulmi biyu a gaban alƙali a kan murhu?" ya ce. "Ina raye? Uban Sabo tare muka yi sallah shekara da shekaru. Sayo goro, gobe bayan la'asar mu je."

Na ce, "Baba, aboka ta hana."

"Aboka ce ta koya maka riƙe guduma? Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Mu je in ba shi haƙuri, ya ji kunyata ya janye takardarsa, kowa ya kama harkarsa."

Ku yaran yanzu za ku ce me ya sa ban ƙi ba. Mutumin da ya rataya min gabari a wuya ba a ce masa a'a, kuma abin da ya faɗa haka muka ga ana yi tun muna yara. A wurinmu mai ban haƙuri ba ya zuwa da hujja. Ko kai ne mai gaskiya, babbanka zai ɗora maka laifin a baki don wancan ya samu hanyar saukowa ba tare da ya ji kunya ba. Kowa a ɗakin ya san ba haka abin yake ba, shi ya sa ake tashi lafiya.

Alhaji Sabo ya tarbe mu hannu bibbiyu, ya zaunar da Baba a kujerarsa, aka kawo lemo. A kusurwa akwai wani mutum da kwat, da takarda a cinya. Alhaji ya ce baƙonsa ne, kada mu damu da shi. Baba Tanko ya tura ƙwaryar goro gaba ya ce, "Alhaji, ga yaronka na kawo. Ya yi kuskure, ya taɓa abin da ba nasa ba, bai sani ba. A dubi girman Allah a yafe masa. Usaini, ba Alhaji haƙuri." Na sunkuyar da kai na ce, "Na yi kuskure, Alhaji, a yi haƙuri." Alhaji ya ce babu komai, ai Baba ya wuce haka a wurinsa, zai yi magana da mutanensa. Ya karɓi goron. A hanya Baba yana ta murna yana cewa, "Ka gani? Da ka bi ta matar nan da yanzu kuna can kuna zage-zage."

Baƙon nan wisiye ne, kuma yana jin Hausa sarai. Ranar da aka zauna kan roƙonmu na ɗage umarnin, abokan Alhaji, wato lauyansa, ya tashi ya karanta maganarmu kalma bayan kalma, an juya ta zuwa Faransanci: wanda ake ƙara ya je gidan mai ƙara da ƙafarsa, a gaban shaidu, ya amsa cewa ya taɓa abin da ba nasa ba. Abokata ta juyo ta kalle ni, kallon da har yau ban manta ba. Ta yi iya ƙoƙarinta ta bayyana wa alƙali al'adar ban haƙuri. Alƙalin ya saurara, ya ce za a duba wannan in an zo asalin shari'a, amma a yanzu ba zai ɗage umarni a kan wanda ya amsa da bakinsa ba. Ban ga laifinsa sosai ba, abin da aka sa masa a gaba ya karanta. Baba Tanko kuwa tun daga ranar bai sake biyowa ta layin atiliyena ba, kuma ya rasu ba a yanke hukunci ba.

Daga nan sai ɗage zama. Yau alƙali ya yi tafiya, gobe an canza shi, jibi ana jiran masanin da zai duba murhun. Sauran maƙera da suka ga gemun ɗan'uwansu ya kama wuta suka shafa wa nasu ruwa, kowa ya ɓoye gabarinsa ya koma rabin duro. Abin da ya fi ci min rai shi ne Alhaji Sabo bai ƙera ko guda ɗaya ba. Ashe kuɗin wani shiri yake jira daga waje, na masu tallafa wa murhu marar hayaƙi, kuma takardar ce jarinsa. Kuɗin ba su zo ba. Shekaru suka wuce, a duk garin nan babu inda za ka sayi murhun Ɗanladi, mai takarda ba ya yi, masu yi an ɗaure musu hannu. Na koma ƙera ƙofofi da tagogi ina gogayya da waɗanda suka fi ni injina. Waɗanda nake koya wa aiki suka watse ɗaya bayan ɗaya.

Murhu yana da kwanakinsa, wuta tana cin tol komai kaurinsa. A cikin shekarun nan na Ɗanladi ya cinye, salolin suka rube, kitse ya koma ɗiga a wuta. Ya turo shi a baro ya kawo min. Na duba, na ga gyaransa shi ne a sake yanka salolin nan, wato ainihin abin da aka hana ni. Gabarin yana buhun kotu, amma karkatar tana hannuna, ko ido rufe zan yanka ta. Na jawo tol na ce ya dawo jibi.

Ɗanladi ya taka tol ɗin da ƙafa. "Tarar nawa ce suka ce?"

Na ce ba ruwansa.

"Da ruwana. A bakin titi nake, kowa yana gani, kuma Sabo yana da idanu a layin nan. Su rufe maka atiliye saboda tsirena, 'ya'yanka su ci me? Bari a gama shari'ar, ai ba za ta dawwama ba. Hayaƙi ba baƙona ba ne."

Na yi masa faɗa, na rantse, har na zage shi. Ya ɗora murhunsa a baro ya tura ya tafi. Da yamma na wuce na gan shi a kan rabin duro, yana fifita wuta da kwali yana goge ido da kafaɗa.

Abin da ya tayar min da wannan labari shi ne Zulai, 'yar ƙanena da take karatun shari'a a jami'a. Ta zo min kwanan baya tana cewa a Amurka ana muhawara kan wata doka da ake son yi, wadda za ta sa in kotu ta tabbatar an kwaikwayi abin mai birebe, hana mai kwaikwayon ya zama shi ne asali, ba a ce ya biya diyya ya ci gaba ba. Ta ce, "Baffa, dokar don irinku ce, masu ƙirƙira. Ka ga manyan kamfanoni ba za su riƙa kwashe wahalar ƙananan mutane su watsa musu 'yan kuɗi ba. Kuma su can sai bayan an gama shari'a ake hanin, ba kamar naka da aka hana tun farko ba." Na ce mata na ji, kuma na san zafin a ɗauke maka abin da ka ƙirƙira fiye da duk masu muhawarar. Amma ni na ga yadda takardar hani take aiki a hannun wanda ya riga ka zuwa ofis. Na ce in ta zama alƙali wata rana, kafin ta sa hannu ta tambaya ko mai neman hanin yana yin abin, sannan ta tambaya wa yake tsaye a cikin hayaƙi yana jiran a gama. Ta ce doka ba ta aiki haka kai tsaye. Na ce ai na sani, a jikina aka gwada.

An gama shari'ar daga baya. Masu tsire da maƙera suka je suka ba da shaida, aka soke bireben Alhaji Sabo, aka dawo min da gabarina ya yi tsatsa har ya manne da juna. Babu wanda ya yi guɗa. Goron gani ya riga ya mutu a Birik, yau kowa ya gyara wani abu sai ya ja kwano ya tare, ni ma haka.

Murhun farko da na ƙera bayan hukunci na zaɓi tol mafi kyau, na ɗora a baro na tura da kaina har ƙofar gidan Ɗanladi. Ya daɗe da barin bakin titi, ɗansa Sale ne yake riƙe da wurin. An yi masa aikin ido sau ɗaya bai yi ba. Likita ya ce akwai tsufa, akwai ciwon da aka bari ya daɗe, ni ba likita ba ne, ba zan ce muku kotu ce ta makantar da shi ba. Na same shi a kan tabarma a zaure. Ya gane ni da ƙarar baron.

"Sarkin ƙarfe, me ka kawo?"

Na kama hannunsa na ɗora a kai. Ya bi salolin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya bi indararon har bakin gwangwani, ya zame 'yar ƙofar iska ya mayar. Ya daɗe yana shafawa.

"Karkatar tana nan yadda take," ya ce. "Hannunka bai tsufa ba. Kai wa Sale, ka ce na ce kada ya yarda ya tsaya kan rabin duro ko na yini ɗaya. Ni yanzu hayaƙi ba ya damuna, Usaini, ko ganinsa ba na yi."

Na juya baron na tura zuwa bakin titi.